Baret Ɗin da Tahiru Ya Raba da Abokinsa

Duk wanda ya san Tahiru dillali a Filinge ya san shi da haɗa shanun noma. Ka kawo masa sa guda, ya zagaya shi, ya dubi kafaɗa, ya sa a ja shi ya ga takunsa, ya ce ka je ka dawo. Kasuwa mai zuwa, ko a nan ko a Baleyara, sai ka tarar ya samo masa aboki, tsayi ɗaya, tafiya ɗaya, har hali ɗaya. Manoman Tondikandiya da na Imanan, har masu gangarowa daga Sanam, wurinsa suke fara tsayawa. Kuma ba a cutarsa a ciniki. Ya kora shanu har kudu tun yana saurayi, ya kwana a tashoshi, ya ga masu wayo iri-iri, ya fi wasunsu.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, mutumin nan kishi na cinsa a cikin gidansa, kuma ba kishin mata ba ne.

Basiratu ita ce ɗiyarsa ta fari. Mu nan Kurfai, uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya yabonsa a gaban mutane. Tahiru ya riƙe wannan kunya fiye da kowa. Ranar sunanta ma, ana gama yanka rago, kara ya tafi, kasuwar shanu, wai akwai wani bijimi da yake so ya duba. Tun daga nan har ta girma, ta gama lise, wato sakandare, ta yi ɗan karatun na'ura a Yamai ta dawo, bai taɓa kiranta da komai ba sai "ke". In da ita yake magana, ke. In da wani ne, ɗiyar Habsa. Habsa kuwa ita ce uwar, matarsa.

To, Habsa tana da ƙane, Kamal, mai butik ɗin sayar da ordinater, wato kwamfuta, da gyaransu a Yamai. Shi kawu ne, babu kunyar da ta hau kansa. Ya goya Basiratu, ya saya mata takalmi, ya kira sunanta sau ɗari a yini in ya ga dama. Ƙari a kan haka, ƙanen mata abokin wasa ne. Duk abin da ya faɗa wa Tahiru, komai zafinsa, dole Tahiru ya yi dariya. Wanda ya yi fushi da wasan ƙanen matarsa, shi za a yi wa dariya a gari.

Da Basiratu ta dawo gida, sai ta buɗe ɗakin da ke fuskantar titi ta mai da shi wurin wasa. Samari na zuwa su buga ƙwallo a ekaran, fuskar na'ura mai nuna hoto, su yi ta gardama. Amma a kusurwa akwai na'ura guda da ba mai taɓawa sai ita. Baƙa ce, gefenta gilashi, cikinta fitilu. Kamal ne ya haɗa ta da hannunsa, ya riƙa aiko kayanta ɗaya bayan ɗaya a motar Yamai. Da Babbar Salla ya zo, maimakon ya zagaya dangi ya ci nama, sai ya rufe kansa a ɗakin nan shi da ita, suna matsa wa na'urar gudu. Ga yadda abin yake: masu ƙera ta sun yanka mata iyakar gudun da za ta yi, sai mai dabara ya shiga cikinta ya ɗaga iyakar nan kaɗan-kaɗan, yana gwadawa, in ta faɗi ya sassauta, in ta tsaya ya ƙara, har ya kai ta bakin ƙarfinta. Su suna ce wa abin obakulok. Na'urar da aka yi wa haka zafi take yi, ga kuma zafin garin namu. Sai da suka ƙara mata fanka, suka rataya jiƙaƙƙen buhu a taga. In Basiratu ta shiga wasa sosai, har daga tsakar gida kana jin na'urar tana huci kamar sa a kan tudu.

Duk wannan Tahiru ya haɗiye. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne gaisuwar. Kafin Kamal ya koma Yamai, ya ɗauki muryarsa ya sa a na'urar, ta yadda duk lokacin da aka kunna ta sai ta yi magana. Ɗakin Tahiru bango ɗaya ne da ɗakin wasan. Kowace safiya, ya dawo daga masallaci, ya zauna da kokonsa, sai ya ji ta bango:

"Basiratu ɗiyar Kawu, tashi mu ci su."

Sunan da shi ya zaɓa, shi ya raɗa wa liman a kunne, shi ya yanka ragon. Ga shi wani ƙato yana kiransa a cikin gidansa kullum, bai ko biya kuɗin mota ba. Habsa ta lura cewa maigidanta ya koma shan koko a ƙofar gida. Ta tambaye shi ko ɗakin ne ya yi zafi. Ya ce iska yake so. Ta ce lalle iskar bana tana da murya.

Ana nan sai maganar gasa ta taso. Wani sabon wasa ya fito, ana shirya gasarsa tsakanin matasan ƙasa, kowa ya buga zagayen farko daga inda yake, waɗanda suka haye su haɗu a Yamai. Basiratu ta sa wasan, na'urar ta ɗauka, amma da an shiga wurin da mutane suka yi yawa sai hoton ya tsaya cak, ya yi tsalle, kafin ya dawo an riga an kashe ta. Ta kira kawunta. Wayar a buɗe take, Tahiru yana ƙarƙashin rumfa yana yi kamar yana gyaran igiya. Kamal ya ce memwar ce ba ta isa ba. Ya ce kada ta wahalar da kanta, ta taho Yamai, akwai na'ura a butik da ta fi wannan, ta buga gasar a can. Ya ƙara da cewa dama yana neman wanda zai riƙe masa butik, kuma ɗakin baƙi a gidansa ba kowa. Filinge, in ji shi, sai shanu da masu kallon shanu.

Basiratu ta yi dariya ta ce za ta yi tunani.

Tahiru ya san irin wannan dariyar. Wanda ya ce zai yi tunani yana dariya, ciniki ya kusa faɗawa. In ta tafi ɗakin baƙin nan, ba baƙuwa za ta zama ba.

Washegari ya biya wurin Ibrah, mai gyaran salula da rediyo a bakin tasha, mutum mai iyali, mai hankali, wanda ke taimaka wa Basiratu in wani abu ya lalace. Bayan doguwar gaisuwa da zancen damina, Tahiru ya tambaye shi, kamar abin bai dame shi ba, ko mene ne memwar. Ibrah yana riƙe da ƙarfen narka dalma, hankalinsa na kan aiki, ya ce ai tunanin na'ura ke nan, wurin da take riƙe abu. Ya ce wasu ƴan sanduna ne sirara, ana ce musu baret, ana soka su a ciki. Ta Basiratu biyu gare ta, Kamal ne ya sa su. In an samu manya, matsalarta ta ƙare.

Tahiru ya fita yana lissafi irin nasa. In tunanin na'urar ƙarami ne, a saya mata babba, yarinya ta zauna gida. Wannan ɗaya. Na biyu kuwa, wanda ya fi yi masa daɗi: in tunanin da ke ciki na Kamal ne, ashe a nan muryar nan take zaune. A zare nasa a soka nawa, na'ura ta manta da shi.

Bai gaya wa kowa ba. Akwai kwalin da babban allon na'urar ya zo a ciki, Habsa ta mai da shi ma'ajin busasshen kifi. Ya juye kifin a ƙwarya, ya naɗe kwalin a buhu, ya ce zai je Baleyara duba shanu. Da motar ta tsaya Baleyara bai sauka ba.

A Yamai ya kauce wa layin su Kamal, ya zagaya ta bayan kasuwa, ya shiga wani butik mai akwatin gilashi. Ya ajiye kwalin a kan tebur. Mai butik ya ja hanci, ya duba rubutun, ya ce ya gane irin da ake nema. Ya ɗauko wani ƙaramin akwati mai baret biyu kwance gefe da gefe, ya ce waɗannan tare suke zuwa, tare ake sayar da su, tare suke aiki.

Tahiru ya yi murmushi. Shi za a gaya wa wannan? Shi da ya sha haɗa wa mutum akuya a kan cinikin saniya yana cewa ba sa rabuwa? Ya tambaya ko guda ɗaya a cikin nan ya fi biyun da ke cikin na'urar gida girma. Mai butik ya ce ya fi su, in dai girma ne. Tahiru ya ce to me zai yi da biyu. Mai butik ya fara bayani, Tahiru ya ɗauki kwalinsa ya nufi ƙofa. Aka kira shi ya dawo. Ya zauna, ya ɓare goro, ya ba mutumin labarin wani Bayarabe da ya so ya yi masa irin wannan a kudu. Ya sake tashi, aka sake kiransa. Sai da la'asar ta kawo jiki mai butik ya gaji, ya yanke ledar, ya zaro guda ya miƙa masa, ya ce shi dai ya faɗa, kada a dawo masa da shi. Ɗayan ya jingina shi a cikin gilashi shi kaɗai. Tahiru ya ce a ba shi akwatin a matsayin gyara. Aka ba shi. Ya hau mota yana jin ya ci kasuwar Yamai.

Dama ta zo da kanta. Habsa da Basiratu suka tafi biki Bonkuku, za su kwana biyu a can. Tahiru ya ɗauki makulli, ya aika aka kira Ibrah da rana tsaka, lokacin da titi ba kowa.

Ibrah ya kwance gilashin gefe, ya karɓi baret ɗin, ya juya shi. Sannan ya tambayi ina abokinsa.

"Wane aboki?"

"Malam Tahiru, waɗanga abubuwa biyu-biyu suka aiki. Ka ga nata, iri ɗaya ne, gudu ɗaya. Aiki suke rabawa, wanga ya ja, wancan ya ja. Kai ne za a gaya wa?"

Maganar ta soki Tahiru, don ya gane ta tun kafin a ƙarasa. Hoton baret ɗin nan da aka jingina a gilashi ya faɗo masa a rai. Amma ya riga ya yi nisa. Ya ce babban sa ɗaya ya fi ƴan maruƙa biyu. Ibrah ya ce to a bar na Kamal a ciki, a gwada sa wannan a gefensu, ko da yake shi bai yarda za su jitu ba. Tahiru ya ce a'a. A cire nasa. Ibrah ya ƙara cewa na'urar nan ba kamar sauran ba ce, an ɗaure ta a kan gudun da aka auna da waɗannan biyun, in aka canja mata abokan aiki tana iya ƙin tashi. Ya ce a bari mai ita ta dawo. Tahiru ya ce gidan nan dai nasa ne, ko kuwa?

Ibrah ya danna ƴan maƙallai, sandunan Kamal suka fito. Tahiru ya miƙa hannu ya karɓe su, ya naɗe a hankicin goronsa, ya tura aljihun ciki. Aka soka nasa, ya yi ƙas. Ibrah ya yi bisimilla ya danna.

Fitilu suka kama, fanka ta ɗauka da ƙarfi, ekaran baƙi. Sai ta mutu. Ta sake tashi da kanta, ta yi huci, ta mutu. Haka ta riƙa yi kamar dabbar da ke son miƙewa ƙafa ta ƙi. Gumi ya karyo wa Ibrah. Ya ce a ba shi na Kamal ya mayar. Tahiru ya dafe aljihu ya ce a nemi wata dabara.

Ibrah ya ce dabara ɗaya ce. Ya nuna wani ɗan pil, ƙaramin batir mai kamar kwabo, a maƙale a jikin allon. Ya ce in aka zare shi aka ɗan jira, na'urar za ta koma yadda ta fito daga masu ƙera ta, ta karɓi sabon baret. Amma duk abin da Kamal ya zauna ya daidaita mata da Salla zai goge.

"Duk abin da ya koya mata?"

"Duka. Ba mai maido shi sai an sake zama."

"Zare," in ji Tahiru, kuma Ibrah ya ce bai taɓa ganin fuskarsa da haske irin na lokacin ba.

Aka zare, aka jira, aka mayar. Wannan karon na'urar ta tashi a hankali, ba huci, ba gaggawa. Rubutu ya fito, hoto ya fito. Tahiru ya gyara hularsa. Yana shirin cewa alhamdu lillahi sai ɗakin ya cika da murya:

"Basiratu ɗiyar Kawu, tashi mu ci su."

Tahiru ya dubi na'urar, ya dubi aljihunsa, ya dubi Ibrah. Ya ce ba ka ce ta manta ba?

Sai a lokacin Ibrah ya gane abin da ake ciki. Ya juya baya yana tari don kada a ga bakinsa. Da ya samu kansa, ya yi masa bayani a hankali. Ya ce baret tabarmar shanya ce kawai. Abin da ake aiki da shi yanzu ake bazawa a kai, da an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, a share ta fes, ko ƙwayar hatsi ba ta kwana a kanta. Murya da hotuna da komai suna cikin rumbu, wani ƙarfe daban da ke can ƙasa. Waɗanda ke aljihunsa babu komai a cikinsu, ko sunan Kamal ba su sani ba. Abin da pil ya goge kuwa gudu ne, gudun da yarinyar za ta yi gasa da shi.

Tahiru ya ce a rufe gilashin. Ya ce kuma abin da ya faru a ɗakin nan ba na tasha ba ne. Ibrah ya ce shi bai ga komai ba, amma ita za ta gani.

Ta kuwa gani. Da ta dawo ta kunna, kwanan watan da ke kusurwar ekaran ya koma wata shekara can baya, tun tana lise. Ta shiga wasan. Hoton ya daina tsayawa cak, gaskiya ne, amma duk tafiyar ta yi nauyi, kamar mai gudu cikin yashin kwarin Dallol. Ta leƙa ta gilashi ta ga baƙon baret shi kaɗai, ramin gefensa a buɗe. Ba ta yi ihu ba. Ta fito ta sami uwarta a madafa suka yi magana ƙasa-ƙasa. Habsa ta je ta duba kifinta ta same shi a ƙwarya. Ta zauna a kan turmi ta yi dariya har tana share ido da bakin zane.

Basiratu ta gwada mayar da gudun da kanta, don ta ga yadda kawunta ya yi. Ta kai na'urar wani wuri, amma da baret ɗaya ba ta cika yadda take ba, kuma zama irin na Salla yana son lokaci, gasa kuwa ta matso. Ta kira Yamai. Kamal ya saurara, sannan ya ce a kai wa mijin Yaya wayar.

Tahiru na zaune da mutane biyu da suka zo maganar shanu. Ba halin ƙi.

"Mijin Yaya, barka da aiki. An ce ka shiga sana'armu."

"Mun ɗan taɓa."

"To madalla. Ni ma Lahadi ina zuwa kara in haɗa wa mutane shanu. Zan ɗaura sa ɗaya a garma, in ce ai babba ne."

Baƙin suka kwashe da dariya. Tahiru ma ya yi, har da buga cinya, ya ce ɗan banza, ka zo ka ga ko wani zai saya. Kamal ya ce ba komai, a ba yarinya baret ɗin ta taho da shi, shi zai nemo masa aboki, kafin nan ta buga gasarta a butik. Ya ce ya gode, dama ya rasa yadda zai ciro ta daga Filinge, ashe yana da ɗan hannu a gida.

Wannan ta ƙarshen ita ta kwana a ƙirjin Tahiru.

Ranar tafiya da safe jakarta na zaure. Ta zo ta durƙusa daga nesa, kanta ƙasa, ta gaishe shi. Ya amsa yana kallon akuyar da ke ɗaure. Sai ta ce, Baba, in na Kawu suna kusa, tana so ta mayar da su. Habsa na tsaye bakin ɗaki da tsintsiya, ba ta shara. Tahiru ya sa hannu a aljihun ciki, ya zaro hankicin, ya warware. Ga sanduna biyu da ɓarin goro manne a jikin ɗaya. Ta karɓa da hannu biyu, ta hure su.

Ta jima a ɗakin wasan. Da ta fito ta sake durƙusawa. Ta ce Ibrah zai riƙa buɗe wa samari sauran na'urorin. Tata kuwa, tana roƙo a riƙa danna mata maɓallin sama kowace safiya don ta karɓi sabbin abubuwan da ake aiko mata, kuma ba ta son kowa ya taɓa ta sai shi. Ta nuna masa baret ɗinsa, ta naɗe shi a ɗankwali mai tsabta.

"Wanga ya fi na Kawu nesa ba kusa ba," in ji ta. "Randa anka samu abokinsa sai in dawo in sa su."

Maganar tana bakinsa. Ya san butik ɗin, ya san gilashin, ya san har kusurwar da aka jingina shi. Amma sai ya faɗa a gaban Habsa cewa biyu aka miƙo masa, shi da wayonsa ya yini yana raba su. Kuma maganar za ta isa Yamai kafin motar. Ya ce wa akuyar Allah ya kiyaye hanya.

Kwanaki bai shiga ɗakin ba. Wa zai je ya danna maɓalli da yatsansa don Kamal ya yi masa kirari? Sai da Habsa ta ce amana dai aka ba shi, ya shiga yana ƙunƙuni, ya danna, ya juya zai fita kafin muryar ta same shi. Ta same shi a bakin ƙofa.

"Baba, ina kwana. Basiratu ce."

Ya tsaya da hannu a kan ƙyaure. Ya koma ya zauna a kujerarta, abin da bai taɓa yi ba. Can ya nemi yadda ake kashewa, ya kashe, ya sake kunnawa. Yana cikin na uku Habsa ta leƙo ta ce kuran ɗin gidan ba na gado ba ne. Ya ce gwadawa yake ko tana aiki daidai. Amma ko a nan ransa bai kwanta duka ba. Ya leƙa ta gilashi ya ga sandunan Kamal biyu suna walƙiya, ya ce a ransa, muryar tata ce, amma a kan tabarmar wa aka shanya ta?

Gasar ta zo ta wuce. Basiratu ta haye zagayen farko, ta kai kusa da ƙarshe, wani yaron Maraɗi ya fitar da ita. Samarin fada, masu zaman shayi a bakin titi, suka tare Tahiru a hanya suna nuna masa hoto a salula: ga ta riƙe da kyautar waɗanda suka yi nisa a gasar, ga Kamal ya dafa kafaɗarta yana washe baki. Wani ya karanta masa abin da masu gasar suka rubuta a ƙasa, wai mai butik Kamal tare da ɗiyarsa. Samarin suka ce kuskure ne na mutanen Yamai. Tahiru ya ce ai kawu uba ne, ya wuce. Ranar bai ci tuwon dare ba.

Sati ya bi sati. Duk kiran da Habsa ta yi, Kamal ya ce ana nan ana nema. Irin wannan baret ɗin ya yi wuya, in ji shi, sai an aiko daga waje, ga hanya ba kyau. Yarinya kuwa lafiya lau, masu saye sun saba da ita, har ta fi shi iya magana da su. Tahiru na jin wayar daga rumfa. Ya san wannan muryar sarai. Da ita yake amsa wa mutum in yana da san da ake nema a ɗaure a bayan gida, amma bai ga dama ya fito da shi ba tukuna. Ana nan ana nema. Wanda ke nema da gaske ba ya faɗa da daɗin rai haka.

Ranar Lahadi, ranar kasuwar Filinge, ranar da rabin abincin gidansa ke fitowa, Tahiru ya dawo daga masallaci ya shiga ɗakin wasa ya danna maɓalli. Ya saurara har ƙarshe. Ya fito ya sa babbar riga, ya ɗaga katifa ya ɗauko ƙaramin akwatin nan da aka ba shi gyara, mai gurbi biyu. Karatun boko bai yi ba, amma zanen da ke jikin akwatin ya zauna masa a ido kamar shaidar wuta a cinyar saniya. In an sayar da wancan, zai bi butik-butik har ya ga mai irin zanen.

A ƙofar gida wani manomi daga Damana na jiransa da sa a hannu, yana so a samo masa aboki. Tahiru ya dubi san sau ɗaya ya ce ya yi haƙuri sai mako, akwai wanda ya riga shi.

Habsa ta biyo shi zaure da gorar fura. Ta dubi akwatin, ta dubi gurbi biyun, ta dubi mijinta. Ta gane, amma wannan karon ba ta yi dariya ba. Ta ce butik ɗin Kamal cike yake da mutane kullum, ga kiɗa, ga hayaniya.

"In ka tarar da ita cikin jama'a ta ba ka baya, da mi za ka kira ta?"

Tahiru ya karɓi gorar, ya tura akwatin aljihun ciki, wurin da goro yake.

"Ta san muryata," in ji shi, ya nufi tasha.